Baƙin Cikin Fensir

Kafin wani daga cikin 'yan ajinmu ya ɗauka labarin soyayya mai sa kuka na kawo wa wannan mujalla tamu, bari in yi saurin wanke kaina. Ba ɓacin ran fensir nake nufi ba. Ina nufin wannan baƙin abu da ke cikinsa, wanda muke feƙewa da reza tun muna aji ɗaya na firamare, muke rubutu da shi, wani lokaci ma muke tauna shi, amma har yau ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba. Na bi 'yan'uwa ɗalibai na wannan sashe ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wasu suka ce dalma ce, wasu suka ce gawayi ne, wata ta ce tsinin fensir, wani kuma ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ai shi ne fensirin, me kuma kake nema?" Masu cewa dalma sun fi yawa, kuma a kansu nake son in ɗan yi tsokaci, domin a ganina wannan kuskure ne da ya wuce na kalma.

Ni mutumin Potiskum ne, garin da Bahaushe ya mayar Fataskum saboda bakinsa bai saba da harafin farko na sunan ba. Ba da Hausa na buɗe baki ba. Ngizimanci ne harshen gidanmu, Hausa kuwa a ƙofar gida da makaranta da kasuwa na tsince ta, shi ya sa har gobe abokaina Kanawa ke tsokanata idan na mayar da mace namiji a cikin zance. Amma wanda ya tashi da harshe biyu a baki yana da wata ɗabi'a guda: duk abin da ya gani sai ya tambayi kansa, wannan me ake ce masa a can, me ake ce masa a nan? Wannan ɗabi'a ce ta jefa ni cikin maganar da ba ta fagena ba.

Muna aji uku wani yaro ya soki abokina da fensir a tafin hannu. Tsinin ya karye, ya bar ɗan baƙin ɗigo a ƙarƙashin fata. Nan da nan aji ya ɗauka cewa dalma ta shiga jikinsa, za ta bi jini har zuciya. Yaron nan kwana biyu bai iya cin abinci ba don tsoro. Yana nan da ransa, ɗigon ma yana nan. To a wannan makon ne kuma monita ya tura mu juji mu tsinto matattun baturan rediyo da na tocila, domin allon ajinmu ya koɗe. Muka farfasa su da dutse, muka kwashe baƙin garin da ke ciki, muka kwaɓa da ruwa da ɗanyen ganye, muka shafe allo da hannuwanmu. Da aka tashi tara muka goge hannu a wando muka sayi ƙosai. Babu wanda ya ji tsoron komai. Alhali abin da ke cikin fensir ba guba ba ne, shi kuwa baƙin garin batir akasarinsa sinadarin manganis ne haɗe da wani gishiri mai cin fata, wasu batura masu araha ma har zaiba akan ɗan sa musu. Mun ji tsoron abin da ba ya cutarwa, mun yi wasa da wanda ya kamata a kiyaye, kuma suna ne ya jawo.

Sai dai in za a yi adalci, wannan kuskure ba Bahaushe ne ya fara shi ba, gadonsa ya yi. A cikin ƙarni na 16 aka gano wani baƙin dutse mai santsi a Borrowdale da ke arewacin Ingila, makiyaya suka riƙa yi wa tumakinsu alama da shi. Da yake yana da ƙyalli irin na dalma, sai Turawa suka kira shi baƙar dalma. Sai a shekarar 1779 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya nuna cewa kabon ne, wato dangin gawayi, ba ruwansa da dalma. A 1789 wani Bajamushe, Abraham Gottlob Werner, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau, wanda zan rubuta da bakin Hausa in ce girafayit, daga kalmar Girkanci mai nufin rubutawa. Duk da haka tsohon sunan bai mutu ba. Bajamushe har yanzu alƙalamin dalma yake ce wa fensir, Balarabe ma haka. Shekara fiye da 240 ke nan da kimiyya ta warware zancen, harsuna ba su ji ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda manyan harsuna ma haka suke faɗa? Amsata ita ce Zamfara. A shekarar 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Duwatsun cike suke da dalma ta gaske, ƙurarsu ta shiga abinci da wurin wasan yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Al'ummar da ta ga wannan ba ta da damar yin sakaci da kalmar dalma. Idan yaro ya girma yana jin abin da ya tauna shekara shida bai yi masa komai ba sunansa dalma, ran da ma'aikacin lafiya ya ce masa dalma na kisa, da wane kunne zai saurara? Ga dalma ta gaske a cikin batirin mota da ake fasawa a bayan gareji, ga ta a cikin wani nau'in kwalli da ake sa wa jarirai, mu kuma mun ɗora sunanta a kan fensir.

To mene ne shi girafayit ɗin? Na ɗauki hutu guda ina bin littattafai da wani abokina ɗan sashen kimiyyar sinadarai har na samu abin da zan iya faɗa da bakina. Kabon zalla ne, kamar yadda daimon yake kabon zalla. Bambancinsu a wajen jeri ne kawai. Kowace ƙwayar zarra ta kabon tana da hannu huɗu na riƙe maƙwabta. A cikin daimon duk hannayen huɗu a riƙe suke ta kowace kusurwa, shi ya sa babu dutsen da ya fi shi tauri. A cikin girafayit kuwa kowace ƙwaya maƙwabta uku take riƙewa, dukkansu a shimfiɗe, sai su ba da zane mai kusurwa shida-shida kamar saƙar zuma. Wannan shimfiɗa ita ce falle guda. Falle kan falle, falle kan falle, shi ne girafayit. Tsakanin falle da falle babu riƙo na kirki, jingina ce kawai. Sirantarsu kuwa ta wuce hankali: a cikin kaurin milimita 1 akwai falle kusan miliyan 3.

Duk wanda ya taɓa riƙe bandir ɗin sababbin kuɗi ya san halin. Ka ɗan murza da babban yatsa, takardun su zame wa juna ba wuya, amma ka kama guda ɗaya da hannu biyu ka ja ta tsaye, sai ka ji tana da ƙarfinta. Rubutu da fensir murza bandir ne: fallayen na zamewa suna maƙalewa a jikin takarda. Sauran bayanin na wani Bafaranshe ne, Nicolas-Jacques Conté, wanda a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun dutsen Ingila, ya kwaɓa garin girafayit da yumɓu ya gasa. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, shi ne mai alamar H, in girafayit ya rinjaya ya yi laushi da baƙi, shi ne mai alamar B. HB ɗin da ake cewa mu zo da shi ɗakin jarrabawa tsaka-tsaki ne.

Shi kuma hannu na huɗu da ya rage ba ya zama banza. Ilaktiron ɗinsa sake yake, yana yawo a bisa falle, shi ya sa girafayit ke ɗaukar wutar lantarki duk da ba ƙarfe ba ne. A nan ne na gane ashe na daɗe da sanin abin a gida. Kawuna mai rewaya ne a Potiskum, garin da tireloli suka yi wa yawa har ba a ƙirgawa. Idan direba ya zo kik ɗin motarsa ya ƙi tashi, sau da yawa Kawu zai kwance ya fito da wasu 'yan baƙaƙen dunƙule, ya ce, "Kabon ne ya cinye." Waɗannan dunƙule da ke goga jikin tagulla mai juyawa a cikin kik da altaneta da janareto, girafayit ne, wani lokaci a gauraye da garin tagulla. An zaɓe shi ne don yana yin aiki biyu lokaci guda: yana miƙa wuta, yana kuma zamewa ba tare da ya cinye tagullar ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne santsin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, sai da taimakon laimar da ke cikin iska. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sama da suka yi nisa sama, inda iska ta bushe, kabon ɗin injinansu ya riƙa zubewa kamar gari cikin ɗan lokaci. Wani mai bincike a Amurka, Robert Savage, ya nuna a 1948 cewa in babu tururin ruwa girafayit karta yake yi maimakon santsi. Da na gaya wa Kawu haka, dariya ya yi ya ce, "Ɗana, ka je jami'a ne don a gaya maka hunturu na cin kaya?"

Falle guda ɗaya tak, in an iya ɓanɓaro shi daga cikin bandir, shi ake kira girafin. An daɗe ana lissafinsa a takarda, tun 1947, amma masana da yawa ba su yarda zai iya tsayawa shi kaɗai ba. Sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta suka fito da shi, kuma ba da wani injin miliyoyi ba, da salatif. Suka manna a jikin girafayit suka ɓanɓare, suka sake mannawa suka ɓanɓare, har abin da ya rage ya zama falle ɗaya. A 2010 aka ba su kyautar Nobel. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka shimfiɗa girafin a bakin 'yan ƙananan ramuka kamar fatar ganga, suka danna da tsinin daimon har ya fashe, suka samu cewa ya fi ƙarfe mai kaurinsa ƙarfi fiye da sau 100. Masu ba da kyautar Nobel sun kwatanta cewa ragar lilo ta girafin mai faɗin mita 1 kowane gefe za ta ɗauki kyanwa mai kilo 4, ita kuwa ragar nauyinta bai kai miligiram 1 ba. Wato abin da ke gogewa a takarda don laushi, da abin da ya fi ƙarfe ƙarfi, abu ɗaya ne. Laushin na tsakanin fallaye ne, ƙarfin na cikin falle ne.

Amma kada mu yi saurin guɗa. Wancan ƙarfi na falle ne marar aibi. A 2014 wani bincike na Jami'ar Rice da takwararta ta fasaha a Jojiya ya nuna cewa in da 'yar tsaga a jikinsa, girafin fashewa yake yi kamar tangaran. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka gwada hajar kamfanoni 60 masu cewa girafin suke sayarwa, suka tarar akasarinsu girafin ɗin da ke ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura garin girafayit ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Akwai baturan babur mai lantarki da ake rubuta wa girafin da manyan haruffa, alhali batirin dalma ne irin wanda aka sani tun 1859, an ɗan barbaɗa masa wani abu. Mutumin da bai san me kalmar ke nufi ba zai biya kuɗin sabon abu, ya kai dalma gida, in ya mutu kuma yara su fasa shi a tsakar gida. Dubi yadda abin ya juye: da mun kira girafayit dalma, yanzu ana sayar mana da dalma da sunan girafin.

Inda na fi so mu tsaya shi ne wayar da ke aljihun kowannenmu, domin a cikin batirinta girafayit ke yin ɗaya daga cikin manyan ayyukansa a yau. Duk wanda ya je kasuwar dabbobi ta Potiskum ranar Laraba ya ga yadda ake loda awaki da tumaki a tirela mai hawa-hawa. Ba ta rufi suke shiga ba, ba kuma ta cikin katakon da ya raba hawa da hawa ba, ta baya ake kora su, kowace ta sami wuri a tsakanin katako da katako. Haka ƙwayoyin litiyom ke yi wa girafayit idan ana caji. Ba sa iya ratsa fuskar falle, domin idon saƙar zumar ya yi musu ƙanƙanta. Ta gefe suke shiga, su kutsa tsakanin fallaye su sauka, kowane ƙwayar kabon shida na saukar da baƙo ɗaya. Idan masauki ya cika, tazarar da ke tsakanin fallaye kan buɗe da kamar kashi 10 cikin 100, kuma baƙin girafayit ya rikiɗe ya koma ruwan zinariya. In ana amfani da wayar baƙin su fice, fallaye su koma yadda suke. Wanda ya fara nuna cewa litiyom zai iya shiga ya fita haka ta hanyar lantarki ba tare da ɓarna ba ɗan Afirka ne, Rachid Yazami, mutumin Fas ta Maroko, a Grenoble ta Faransa a 1980. Kamfanin Sony ya fito da irin wannan batir kasuwa a 1991. Da aka ba da kyautar Nobel a kansa a 2019 mutum uku aka ba, babu sunan Yazami, amma wannan zance ne na wata rana.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa a jikin girafayit ɗin tun cajin farko a masana'anta. Ruwan da ke cikin batir, da ya haɗu da shi, wani ɓangarensa kan lalace ya daskare ya zama 'yar siririyar fata. Na daɗe ina neman kalmarta, sai wata safiya na ga kunun da aka ajiye mini ya huce ya yi yana. Ita ce. Wannan yana tana barin litiyom ya wuce, tana hana sauran ruwan ci gaba da lalacewa. In ba ta yi kyau ba ruwan da kansa ke kutsawa tsakanin fallaye ya ɗaɗɗaye su, matsalar da ta hana girafayit amfani shekaru, har sai da Jeff Dahn da abokan aikinsa a Kanada suka nuna a 1990 irin ruwan da ke yin yana mai kyau. To amma kullum fallaye na buɗewa suna rufewa, yana na tsagewa tana sake haɗuwa, kuma kowane gyara litiyom yake ci. Tsufan batir ke nan. Zafi kuwa gaggauta shi yake yi, ya kuma sa ruwan ya riƙa fitar da iska, ita ce ke kumbura batir har bayan waya ya ɗage. In kuma aka matsa masa caji fiye da yadda gefen zai iya karɓa, baƙin su taru a ƙofa su daskare su zama ƙarfe mai tsini, wanda kan iya huda shamakin da ya raba ɓangarorin batir biyu. Daga nan sai gobara.

Yanzu ku tuna shagon cajin waya a garinmu cikin watan Afrilu, rufin kwano, zafi ya haura digiri 40, wayoyi sittin a jere a kan katako. Da idona na ga wani yaron shago ya ɗauko allura zai huda kumburarren batir wai ya sace iskar ya mayar wa mai shi. Ba wawa ba ne. Ya yi tunani ne da abin da ya sani, wato ƙurji da ƙwallo. Gargaɗin da aka buga a jikin batirin da Ingilishi yake da Sinanci, da haruffan da sai an sa tabarau. Abin da na rubuta a sakin layi biyun da suka wuce, da wani ya taɓa gaya masa da Hausa cikin minti biyar, da bai ɗauki allurar ba. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, amma wannan duhun mu masu nazarin harshe muna da hannu a ciki.

Ga kuma maganar arziki. A 2023 kusan kashi uku cikin huɗu na girafayit ɗin da aka haƙo a duniya daga ƙasar Sin ya fito, wajen tace shi don batir kuwa rabonta ya haura kashi 90 cikin 100. A ƙarshen wannan shekara ta sa dokar neman izini kafin a fitar da shi, sai hankalin duniya ya ƙara komawa Afirka, inda Mozambik da Madagaska da Tanzaniya ke da shi. Mahaƙar Balama ta Mozambik ta fara aiki tun 2017. Mu ma muna da shi a ƙasar Ningi ta Jihar Bauci, maƙwabciyarmu, da kuma ƙasar Birnin Gwari. A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Nijeriya za ta fara yin fensir nata cikin shekara biyu, mutane suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba, domin ƙasar da ta iya tace girafayit ta yi fensir ta taka matakin farko na yin batir. Abin da ke damuna shi ne ran da masu saye za su dira ƙauyukan nan, kamar yadda suka dira Nasarawa da Kaduna neman litiyom. Mai saye ya san sunan abin da farashinsa, mai gona kuwa baƙin dutse kawai zai ce.

To me nake so a yi? Ra'ayina shi ne mu ari sunan, mu mallaki bayanin. Girafayit da girafin sun bi ƙa'idar da Hausa ke bi in ta ci karo da baƙi biyu a jere, ta raba su da wasali, kamar yadda ta yi a burodi da direba da firamare. Wani ɗan ajinmu mai kishin tsantsar Hausa ya ce a'a, a ce gawayin rubutu. Na yarda sunan na da daɗi, amma zai sake jefa mu ramin da muka fito. Wanda ke cikin batir ba rubutu yake yi ba, wanda ke cikin kik ma haka. Gawayi kuma, ko da yake kabon ne, fallayensa gutsi-gutsi ne a hargitse, ba zai yi aikin nan ba, kuma ina tsoron ranar da wani zai ji sunan ya daka gawayin girki ya ce zai gyara batir. Batun aro kuwa, da me ɗan'uwan nawa yake rubuta ƙorafinsa? Alƙalami daga Larabci ya zo, Larabci kuma ya samo shi daga Girkanci, harshen da ya haifi girafayit ɗin. Allo da tawada baƙi ne, kasuwa ma daga maƙwabtanmu Barebari muka karɓa. Babu wanda ya ce Hausa ta ragu.

Inda bai kamata mu yi aro ba shi ne wajen halayen abin, domin a nan Hausa ba ta rasa komai ba: falle, fuska, gefe, saƙar zuma, masauki, yana. Sai dai a nan ma a yi hattara da kalma mai yanke hukunci. Shekaru da dama littattafan kimiyya na cewa fuskar falle kusan matacciya ce wajen musayar ilaktiron da ruwan da ke kanta, gefe ne ke yin duk aikin. A 2012 Patrick Unwin da ɗalibansa a Jami'ar Warwick ta Ingila suka auna wuri-wuri da wani ɗan siririn bututu, suka ga sabuwar fuska da aka ɓanɓare yanzu tana aiki sosai, in ta daɗe a iska ne take dusashewa. Da wani ya yi azarɓaɓi ya raɗa mata matacciyar fuska, da mun sake gadar wata dalmar. Fuska kawai ta isa.

Na san za a ce wannan aikin 'yan sashen kimiyya ne. Su da Ingilishi suke karatu, da shi suke rubutu, ba kuma a ba su maki don sun fassara. Malamanmu na farko ba su jira kowa ba da suka zauna suka samar mana da ƙirar kalma da ginin jimla da ɗafi, waɗanda aka tattara a littafin keɓaɓɓun kalmomin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Sun iya ne don sun san abin da suke raɗa wa suna ciki da bai. A garinmu ma na ga misali: Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu sun zauna da masu harsunan Yobe, a 2004 aka buga ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da sauransu a nan Potiskum. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyar da fasaha a cikin garin, da masu koyar da lantarki a cikinta. Me zai hana ɗayanmu, maimakon kundin digiri na ɗari a kan jigo da salo a waƙoƙin wane, ya ɗauki kalmomin masu rewaya da masu gyaran waya da masu haɗa sola, ya zauna da su, ya zauna da malamin kimiyya, ya fito da abin da gidan rediyo zai iya karantawa? Da ɗan gari akan ci gari.

Ni dai na fara nawa. Hutun da ya wuce na sayi littafi mai falle arba'in da fensir, na zauna a benci a garejin Kawu. Na karanta masa jerin kalmomina. Falle ya karɓa, gefe ya karɓa, yana ta ba shi dariya amma ya ce ta zauna. Da na zo kan girafayit sai ya sa na maimaita sau uku, sannan ya girgiza kai.

"Wannan ta yi tsawo, ɗana. Direba na sauri, wa zai tsaya faɗin wannan? Mu kabon muka sani."

Na ce, "Kawu, ai gawayi ma kabon ne, daimon ma kabon ne."

Ya ce, "To ran da aka kawo mini kik mai daimon a ciki, sai mu sake shawara. Miƙo mini sifana mai lamba goma."

Na rubuta kabon a shafi na farko, na sa alamar tambaya a gaban girafayit, na miƙa masa sifanar.